Wa Ya Ƙunshi Wa? Fashin Baƙi a Kan "Comprise" da Danginsa

Ranar wata Asabar ƙanena ya shigo mini da takarda a hannu, ko zama bai yi ba. Shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, kuma wasiƙa za su kai ƙaramar hukuma a kan maganar kwalbatin bakin layi kafin damina ta kankama. Ya ce, "Yaya, ɗan duba mini Turancin nan kafin in kai a buga." A layi na uku na tsaya. Ya rubuta: "The committee comprises of seven members." Na zaro biro na soke "of". Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Haba Yaya, ai haka kowa yake rubutawa. Ko a takardun ofis haka nake gani."

Gaskiya ya faɗa. Haka ake rubutawa a ofis, haka ake faɗa a taro, har a jarida mutum yakan ci karo da shi. Amma mai duba takardar jarrabawar WAEC zai ja masa jan layi, editan da ya san aikinsa ma haka. Kuma ba "comprise" kaɗai ke da wannan rigima ba. Turanci yana da kalmomi kusan goma na faɗin abin da ke cikin abu ko abin da aka yi shi da shi: "consist of", "comprise", "be composed of", "be made up of", "make up", "constitute", "include", "contain", ga kuma "made" da 'yan rakiyarsa huɗu. Mu da muka taso da Hausa, yawancin wannan aiki da "ƙunshi" da "haɗa da" da "an yi shi da" muke gama shi, shi ya sa idan muka shiga Turanci sai kalmomin su yi mana kama da juna kamar 'yan gida ɗaya.

Abin da zai raba maka su tambaya ce ɗaya: daga wane ɓangare jimlar ta taso? Ɗauki ƙunshin goro. Akwai ƙunshin dunƙule guda, akwai goron da ke ciki. Kana iya cewa "ƙunshin nan ya ƙunshi goro ashirin", ka fara da dunƙulen ka gangaro kan sassa. Kana kuma iya cewa "goro ashirin ne suka tashi ƙunshin nan", ka fara da sassa ka haura zuwa dunƙulen. Babu Bahaushen da zai ce goro ya ƙunshi ƙunshi. Kunnensa ba zai bari ba. To Turanci ma haka ya raba kalmominsa gida biyu, waɗansu na gangarowa, waɗansu na haurawa.

Masu gangarowa, wato waɗanda ake fara jimla da dunƙulen, su ne "consists of", "comprises", "is composed of" da "is made up of". Nijeriya tana da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, don haka duk waɗannan daidai ne: "Nigeria consists of 36 states and the FCT." "Nigeria comprises 36 states and the FCT." "Nigeria is composed of 36 states and the FCT." "Nigeria is made up of 36 states and the FCT." Ma'ana ɗaya ce, sai dai nauyin tufafin ya bambanta. "Made up of" rigar zaman gida ce, "comprises" babbar riga.

Sake duba jimlolin nan huɗu. Uku suna da "of", ɗaya ba ta da shi. Nan gizo ke saƙar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: "comprise" ya zauna tsakanin maƙwabta uku masu "of", sai baki ya riƙa laƙaba masa abin da ba nasa ba. Ni a ganina mu Hausawa muna da wani ƙarin dalili. Muna cewa "littafin ya ƙunshi babi goma", ba tare da "da" ba, amma muna kuma cewa "littafin yana ƙunshe da babi goma". Wanda ke tunani da siga ta biyu, da ya zo Turanci sai hannunsa ya nemi abin da zai tsaya a gurbin "da". Irin abin da ke sa mu rubuta "discuss about" ke nan, don a Hausa "tattauna a kan" muke cewa, alhali "discuss" ba ya neman kowa a bayansa.

Dalilin nahawu kuwa mai sauƙi ne. "Comprise" aikatau ne so-karɓau, kai tsaye yake kama abin da ke gabansa, tamkar "ƙunshi". Asalinsa ma ya nuna haka: daga Faransanci ya shigo Turanci, daga "compris", wanda tushensa kalmar Latin ce "comprehendere", ma'anarta kamawa ko rungumewa. Mai runguma ba ya neman ɗan aike. "Consist" kuwa ƙi-karɓau ne. Tushensa na Latin yana nufin tsayawa, kuma ba ya iya kama suna sai an yi masa gada da "of". Idan kana son abin da zai zauna maka a ka, ga shi: "comprise" shi ne "consist" da "of" a cure wuri ɗaya. Wanda ya rubuta "comprises of" ya biya kuɗin gada sau biyu.

Daga wannan hali na "consist" wasu dokoki biyu suke fitowa, kuma ɗalibai suna yawan faɗawa ramukansu. Tunda ba ya kama karɓau, ba a juya shi. Babu "is consisted of" a Turanci, ko kaɗan. Wanda ya rubuta "The team is consisted of eleven players" ya ɗauko kan "is composed of" ya ɗora a gangar jikin "consists of". Na biyu, kalmar tana bayyana yanayin da abu yake ne, ba wani aiki da ake cikin yi ba, don haka ba a cewa "The team is consisting of eleven players". Amma kada a ruɗe: "a team consisting of eleven players" daidai ne, don a nan "consisting" siffanta ƙungiyar yake yi, babu "is" a gabansa.

Masu rubuta doka, waɗanda kuskuren kalma ɗaya zai iya kai su kotu, sun fi jingina da waɗannan sigogi marasa rigima. Sashe na 48 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 cewa ya yi: "The Senate shall consist of three Senators from each State and one from the Federal Capital Territory, Abuja." Uku sau 36, a ƙara ɗaya, sanatoci 109 ke nan cif. Kundin Amurka da aka rubuta a 1787 shi kuma "shall be composed of two Senators from each State" ya ce a kan tasu majalisar dattawan. Kalma daban, hanya ɗaya: daga majalisa zuwa 'yan majalisa.

Masu haurawa ba su da yawa: "make up", "constitute", da "compose" idan ba a juya shi ba. "Thirty-six states and the FCT make up Nigeria." Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44: "Forty-four local government areas make up Kano State." A nan sassa ne aikau, wato da su aka fara jimlar. "Compose" a wannan siga yana da wuya a ji shi a bakin mutane, ya fi zama a juye, "is composed of", don in aka bar shi a miƙe hankalin mai ji yakan tafi ga tsara waƙa ko kiɗa. "Make up" da "constitute" suna da wani amfani da sauran ba su da shi, wato faɗin kaso. Iskar naitirojin ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa: "Nitrogen makes up about 78 per cent of the air." Ba za ka sa "consists of" a nan ba, sai ka juya maganar kanta a ƙasa.

"Constitute" yana da wata fuska da ma'aikatan gwamnati suka fi sani. Idan aka ce "The governor has constituted a committee", kafa kwamiti ake nufi. Wannan daidai ne, amma aiki ne dabam, kada a cakuɗa shi da "Seven members constitute the committee", inda mutum bakwai ɗin su ne kwamitin.

Yanzu sai babbar rigimar, wadda Turawan da kansu ba su gama ba: "is comprised of". Wannan ba ɗaya yake da "comprises of" ba, ko da yake a ido sun yi kama. A tsohuwar ƙa'ida, dunƙule shi ke "comprise" sassa, sassa kuma su "compose" dunƙule. In haka ne, "The committee is comprised of seven members" ba ta da kan gado, don kamar ka ce mutum bakwai sun ƙunshi kwamiti ne. Masu riƙe da wannan ƙa'ida cewa suke yi tunda ba a cewa "is included of", to ba dalilin cewa "is comprised of".

Akwai wanda ya ɗauki maganar nan da zafi fiye da kowa. Bryan Henderson, wani injiniyan manhajar kwamfuta a Amurka da ke amfani da sunan Giraffedata a Wikipedia, tun 2007 ya sa kansa aikin farautar "comprised of" a shafukan Turanci yana sauya ta. Zuwa 2015, lokacin da labarinsa ya bazu a jaridu, ya yi gyara kusan 47,000. Manhaja ya rubuta da kansa da ke zaƙulo masa sababbin wuraren da aka sa kalmar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya rubuta dogon bayani na kalmomi kusan 6,000 yana kare matsayinsa. Ina jinjina wa naci irin wannan, amma kwasar ruwan kogi da ludayi yake yi.

Dalili kuwa, harshe ba ya jiran izinin malamai. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya nuna cewa tun ƙarshen ƙarni na 18 ake amfani da "comprise" da ma'anar haurawa, wato sama da shekara 200 ke nan. Ƙamus ɗin American Heritage kuma a da yana da wani kwamiti na marubuta da masana da yakan tambaya ra'ayinsu a kan irin waɗannan kalmomi. A shekarun 1960, kashi 53 cikin 100 nasu sun ƙi amincewa da "is comprised of". A 1996 masu ƙin sun ragu zuwa kashi 35, a 2011 kuma kashi 32. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda yawancinmu da shi muka yi sakandare, ya karɓi "be comprised of", amma ya ja kunne cewa "comprise of" ana ɗaukarsa kuskure.

To ina mafita? Ga yadda nake yi. "Comprises of" ina soke shi duk inda na gan shi, ba sani ba sabo. "Is comprised of" kuwa, in na gani a rubutun wani ba na kiransa jahili, don yana da manyan ƙamus a bayansa. Amma ni ba na rubuta shi, kuma ba na ba ɗalibi shawarar ya rubuta. Idan har zuwa 2011 kusan mutum ɗaya cikin uku na masanan nan yana yamutsa fuska, ba ka san ko cikinsu ne mai duba takardarka ko mai karanta wasiƙar neman aikinka ya faɗo ba. Ga "consists of" nan kyauta, babu wanda ya taɓa faɗa da shi.

Sai "include", wanda Hausa ta riga ta ba mu makullinsa. Idan mai labarai a rediyo ya ce "waɗanda suka halarci taron sun haɗa da sarki da kwamishina", kowa ya san ba su kaɗai ba ne, an dai tsinto wasu ne. "Include" ke nan. "Comprise" da "consist of" kuwa lissafi ne cikakke, ba a bar kowa a waje ba. "The committee includes two women" na nufin akwai mata biyu a ciki tare da wasu. "The committee consists of two women" na nufin kwamitin kakaf mata biyu ne. Bambancin ba na ado ba ne. A takardar kwangila ko rabon gado, yana iya zama bambancin kuɗi. Kuma tunda "include" da kansa ya riga ya ce akwai saura, ƙara masa "etc." a ƙarshen jeri maimaici ne, kamar ka ce "sun haɗa da su wane da wane da sauransu da dai sauransu".

Wani abin mamaki, akwai fagen da wannan ƙa'ida ta kife. A dokar rajistar ƙirƙira ta Amurka, wadda ke ba mai ƙirƙirar na'ura ko magani haƙƙin mallakar fasaharsa, "comprising" buɗaɗɗiyar kalma ce: abubuwan da aka lissafa da ma waɗanda ba a lissafa ba. "Consisting of" ita ce rufaffiya, abin da aka ambata kaɗai. Lauyoyin wannan fanni sun fi son ta farko, don ta fi faɗin inuwa. Wannan yaren lauyoyi ne, kada wani ya ɗauko shi ya kai ɗakin jarrabawa.

"Contain" ba shi da wahala. Maganar mazubi ce da abin da ke cikinsa, ko sinadarin da ke cikin abu: "The bottle contains zobo", "Zobo contains sugar". Kwalba ba da zoɓo aka yi ta ba, riƙe shi kawai ta yi. Akwai kuma "consist in", ɗan'uwan "consist of" da ba a cika gani ba, wanda ba sassa yake lissafawa ba, ainihin abu yake nunawa: "Patience consists in waiting without complaint." Na littafi ne, kana iya shekara ba ka buƙace shi ba.

Inda na fi jin daɗin koyarwa shi ne gidan "made", don a nan ne Hausa da Turanci suka fi rabuwa. Mu "da" ɗaya ta ishe mu: an yi kujera da katako, an yi ƙuli-ƙuli da gyaɗa, an yi takalmi da taya, an yi miya da man ja. Sau da yawa ma ba ma buƙatar aikatau, sai mu ce zoben azurfa, tukunyar ƙasa, tabarmar kaba. Turanci kuwa sai ya tambaye ka me ya faru da kayan bayan an gama aiki.

In kayan yana nan yadda yake, ido na gani hannu na taɓawa, "made of" ne. Kujerar katako har yanzu katako ce: "The chair is made of wood." Zobe "is made of silver", tabarma "is made of palm leaves". In kuwa kayan ya narke ya zama wani abu, har ba ka iya nuna shi da yatsa, "made from" ne. Tsaya wajen mai ƙuli-ƙuli ka gani. Gyaɗa ta sha suya, an murje ɓawon, an kai inji an niƙa, an zuba ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso, an matse tunkuza, an mulmula an soya. Abin da ya fito daga kasko babu ƙwayar gyaɗa ko ɗaya a jikinsa. "Kuli-kuli is made from groundnuts." Haka awara "is made from soya beans", fura "is made from millet". Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne itace: tebur "is made of wood", takarda "is made from wood". Itace ɗaya, makoma biyu.

"Made out of" yana zuwa ne idan an sauya wa abu aiki, musamman in akwai dabara ko ban mamaki a ciki. Takalmin da ake yankawa daga tsohuwar tayar mota "is made out of old tyres". Motar da yara ke ƙerawa da gwangwanin madara da murfin kwalba "is made out of tins". "Made with" kuma na kicin ne, inda kayan haɗi suke da yawa ka ambaci ɗaya ko biyu: "This zobo is made with ginger and cloves." Citta da kanumfari suna ciki, amma ba su ne zoɓon ba. Kilishi zai ba ka biyu a jimla ɗaya: "Kilishi is made from beef, with groundnut paste and spices." Naman shi ne tushe, labu da kayan yaji rakiya.

Iyakar da ke tsakanin "of" da "from" da "out of" ba katangar siminti ba ce. Turawa da kansu sukan tsallaka, kuma ba wanda zai tsayar da kai don ka ce riga "is made from cotton". Abin da ba a yafewa shi ne cakuɗa "made of" da "made up of". Na farko kayan da aka yi abu da shi ne, na biyu sassan da suka taru. Ƙungiyar ƙwallo "is made up of eleven players". In ka yar da "up" ka ce "made of eleven players", ka mai da 'yan wasa katako. Sai kuma "made by", wanda ke nuna maƙerin, da "made in", wanda ke nuna garin da aka yi. Waɗannan kowa ya san su daga bayan kwali.

Duk wannan bayani ƙanena yana tsaye yana jujjuya makullin babur. Da na kai aya ya karɓi takardarsa, ya ɗora a cinya ya gyara layi na uku ya koma "The committee consists of seven members". Ya ce ya haƙura da "comprise" ɗin gaba ɗaya, ba ya son abin da zai sa a yi masa dariya a sakatariya. Sai ya nuna wani layi can ƙasa, inda suke roƙon a yi kwalbatin da kankare ba da bulo ba.

"To Yaya, nan fa? Of ko from?"

Na ce kwalbati "made of concrete", don kankaren yana nan kana ganinsa. Shi kankaren kansa kuma "made from cement, sand, gravel and water", don bayan an kwaɓa ya bushe babu mai iya zare siminti daga yashi. Ya rubuta, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Sai da na ji tashin babur ɗinsa a ƙofar gida na tuna na hango "drainages" a sakin layi na ƙarshe, da "s" ɗinta ɓaro-ɓaro, ban soke ba.